Zama a gidan Indiyawa: madafinsu za ki fara koyo

Tambaya: Assalamu alaikum, Anti. Na samu gurbin karatun digiri na biyu a Haidarabad, kuma an sama mini ɗaki a gidan wasu Indiyawa mabiya addinin Hindu. Tare da su zan riƙa cin abinci har shekara biyu. Ban san komai a kan zamansu ba sai abin da nake gani a fim. Yaya rayuwar gidansu take daga safe zuwa dare, kuma me zan kiyaye don kada in ɓata wa kowa rai? Hankalin Mamana bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya sanya albarka a karatun, ya sa a fara a sa'a. Na yi shekara shida a ƙasar, huɗu a Haidarabad, biyu a Delhi, kuma zaman iyali shi ne abin da na je nazari a kai, don haka na shiga gidaje da dama, na kwana a wasu, na ci abinci a mafi yawansu. Abin da fim yake nuna mana falo ne da bene da ranar biki. Gidan kuwa daga madafi ake juya shi. Idan kika gane dokokin madafinsu, kin gane rabin zaman, sauran rabin kuma tarbiyyar da kika taso da ita a gidanku za ta ishe ki.

Ki fara da sanin cewa Indiya ba gida ɗaya ba ce. Ƙasa ce mai jihohi 28, tsarin mulkinta ya amince da harsuna 22, kuma a ƙidayar 2011 mabiya Hindu sun kusa kashi 80 cikin ɗari, Musulmi kashi 14 da ɗoriya, sai Kirista da Sikh da sauransu. Harshen da kika saba ji a fim Hindi ne, na arewa. Haidarabad kuwa babban birnin jihar Telangana ce, kuma idan masu gidanki 'yan asalin wurin ne, Telugu za ki ji suna yi a tsakaninsu. Zan fi ba ki labarin irin wannan gida, ina haɗawa da na arewa inda ya kamata.

Hukumar ƙidayar ƙasar ba da jini take auna iyali ba, ba kuma da katanga ba. A wurinta iyali su ne mutanen da suke zaune tare suna cin abincin madafi ɗaya. Wannan ma'auni bai kamata ya zame wa Bahaushe baƙo ba. Ki tuna gandu: uba da 'ya'yansa maza masu aure, gona ɗaya, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya, ranar da aka ce an raba tukunya kowa ya san abin da ya faru ko da ba wanda ya tashi daga gidan. Haka yake a can. 'Yan'uwa biyu za su zauna a gini ɗaya, wa a ƙasa ƙane a sama, amma da zarar an ce murhunsu ya rabu, to gida biyu ne. Har dokar haraji ta san babban gidan Hindu da bai rabu ba, tana ɗaukarsa kamar mutum guda mai dukiyarsa, shugabansa kuma ana ce masa karta. Sai dai irin gidan nan mai mutum ashirin da ake nunawa ya yi ƙaranci, musamman a birni. Binciken lafiyar iyali na ƙasa na 2019 zuwa 2021 ya nuna matsakaicin gida bai kai mutum biyar ba, mace kuma 'ya'ya biyu take haifa a matsakaici. Abin da ya fi yiwuwa ki tarar shi ne miji da mata, yara biyu, da tsohuwa ɗaya ko tsofaffi biyu, iyayen mijin. Ko da tsofaffin suna wani gari, kada ki ɗauka ba su cikin gidan. Kullum ana waya da su, kuma ba a sayen fili, ba a zaɓar wa yaro makaranta, ba a sa ranar aure sai da bakinsu.

Gari yana waye musu da wuri. A gidan da na fi daɗewa, kafin in idar da sallar asuba nake jin tsintsiya a ƙofar gida. Uwar gidan ce. Ta share bakin ƙofa, ta yayyafa ruwa, sannan ta tsuguna da ɗan kwano na farin gari a hannun hagu, tana ɗiba da yatsu biyu tana zubawa. Ɗige-ɗige take fara jerawa, sai ta bi su da layi yana lanƙwasa yana zagaye kowane ɗigo har ya koma inda ya faro. Minti biyar ta gama. Sunansa muggu da Telugu, a jihar Tamil Nadu kolam. Kafin azahar ƙafafu da tayoyin babur sun shafe shi, gobe ta sake wani. Idan kika fito da safe ki kewaye shi, kada ki taka sabo.

Daga nan sai madara. Indiya ce ta fi kowace ƙasa samar da madara a duniya, abin da ya samo asali daga ƙungiyar makiyaya ta garin Anand a jihar Gujarat, mai tambarin Amul, da shirin da Verghese Kurien ya jagoranta daga 1970. Sakamakonsa a gida shi ne 'yar ledar rabin lita da mai keke yake jefawa cikin jakar da aka rataye a ƙofa tun da duhu. Ana tafasa ta nan take. Kashi ɗaya ya tafi shayi ko kofi, kashi ɗaya a bar shi ya huce a ɗiga masa ɗan kindirmon jiya a rufe, ya kwana ya zama na gobe, ainihin yadda matan Fulani suke yi. Man da ya taru a sama ana tarawa kwana da kwanaki a soya shi ya zama man shanu. A unguwanni da yawa ruwan famfo ma lokaci yake da shi, ba ya wuni yana zuwa, sai ki ga an tashi ana cika tanki da tukwane da sauri. Ki tambayi lokacin tun ranar farko, ki daidaita wankinki da shi.

A gidajen da suka riƙe al'ada, mai girki ba ta kunna wuta sai ta yi wanka. Bayan wankan ta je kusurwar ibadarsu, wani ɗan ɗaki ko kanta a bango mai hotuna da gumaka, ta kunna fitilar mai da turaren tsinke. Sai madafi ya kama. Sautin safiyar Indiya shi ne fiton tukunyar nan mai ƙullallen murfi da ke dafa abu da tururi. Da fito suke auna girki, ba da agogo ba: shinkafa fito kaza, wake fito kaza, za ki ji uwa tana ƙwala wa 'yarta kira daga banɗaki cewa idan ta yi na uku a kashe. Tsakanin ƙarfe shida da takwas mace ɗaya za ta yi karin kumallo, ta kuma gama abincin rana gaba ɗaya, domin miji da yara da ɗan kwanon ƙarfe mai hawa-hawa suke fita. Cin abincin gida da rana abu ne da suka ɗauka da girma, har ya sa a Mumbai tun 1890 akwai masu sana'ar ɗaukar waɗannan kwanuka daga gidaje zuwa ofisoshi a keke da jirgin ƙasa, ana ce musu dabbawala. Karin kumallon kudu yawanci idli ne ko dosa. Ƙullun shinkafa da wani ɗan wake ne da ake jiƙawa a markaɗa ya kwana ya tashi. Ranar da kika fara ganin dosa za ki ce sinasir ce ta yi faɗi, idli kuma ɗan'uwan waina ne da aka turara maimakon a soya.

Akwai kalma ɗaya da nake so ki haddace kafin ki hau jirgi. Da Telugu engili, da Hindi juta. Ma'anarta duk abin da ya taɓa bakin mutum ko yawunsa, ko hannun da yake cin abinci da shi. Mu mun taso muna sa hannu a kwano ɗaya, muna shan ruwa a moɗa ɗaya, kuma a wurinmu hakan zumunci ne. A gidan Hindu abin da ya zama engili ya ɓaci ga kowa sai mai shi, in ban da tsakanin uwa da ƙaramin ɗanta ko mata da miji. Kowa da farantinsa. Ba a ɗanɗana miya a mayar da ludayin tukunya. Ba a miƙa hannun da ake ci da shi a ɗauki cokalin zuba abinci, sai dai a sa hagu ko a jira a zuba wa mutum. Ba a tura ragowar faranti ga wani. Ruwan gora kuwa ɗaga kai ake yi a tsiyaya daga sama, leɓe bai taɓa bakin gorar ba.

Satina na farko na kafa kai na sha ruwa a gorar ƙarfen da ke kan tebur, na mayar na ajiye. Ba wanda ya ce mini uffan. Can sai na ga tsohuwar gidan ta ɗauke ta da gefen zaninta, ta zubar da sauran ruwan a gindin shuka, ta wanke ta da sabulu. Raina ya sosu ƙwarai, domin na ɗauka ƙyamata take yi saboda launin fatata. Sai bayan kwana biyu na ga ta yi wa jikanta na cikinta faɗa a kan wannan laifin, ta kuma wanke gorar kamar yadda ta yi a kaina. Na ba ki wannan labari ne don kada ki yi saurin fassara komai da ƙiyayya. Akwai wariya a ƙasar, zan zo kanta, amma wannan ba ita ba ce.

Sai nama. Wani bincike da cibiyar Pew ta fitar a 2021 ya nuna kashi 39 cikin ɗari na Indiyawa baligai suna kiran kansu marasa cin nama, kuma kusan takwas cikin goma suna da wata iyaka da suka sa wa cinsa. Mutanen Telangana galibinsu suna cin kaza da akuya da kifi, ranar Lahadi ma layi ake yi wurin mahauci. Amma gidajen Brahmin, wato masu gadon limancin Hindu, da wasu gidajen 'yan kasuwa ko ƙwai ba ya shiga. Masu cin ma suna da ranakun da suke bari, wani gida Asabar, wani Talata ko Alhamis, wani wata guda cur. Don haka tambayarki ta farko ga uwar gida ita ce me yake shiga madafinta, me ba ya shiga. Naman shanu kuwa ba sai kin tambaya ba, kada ya ƙetare ƙofar gidan. Na san Mama za ta so ta cusa miki kilishi da dambun nama a akwati. Ki ba ta haƙuri. Idan aka gano kin ajiye naman saniya a ɗakin da ke ƙarƙashin rufinsu, zai yi wuya zaman ya gyaru. Ta ba ki yaji da kuka da kuɓewa busasshiya, amma daddawa ki ƙulle ta da kyau. Maganar halal kuma da sauƙi a Haidarabad, domin Musulmi suna da yawa a birnin kuma su suka fi riƙe sana'ar fawa. Ki tambayi inda gidan suke saye, ki je ki gani da idonki.

Akwai abin da ya shafi addininki kai tsaye. Bayan sun yi ibada sukan raba ɗan abin zaƙi ko 'ya'yan itace da aka gabatar wa abin bautarsu, suna ce masa prasadam, kuma miƙa wa baƙo alamar ƙauna ce a wurinsu. Kada ki jira sai an miƙo miki a gaban mutane ki janye hannu. Ki samu uwar gida ita kaɗai tun farkon zuwa, ki gaya mata da ladabi cewa addininki bai ba ki damar cin abin da aka gabatar a wurin bauta ba, ba kuma ya ba ki damar sunkuyawa ki taɓa ƙafar babba kamar yadda yaransu suke yi, amma za ki gaishe su irin gaisuwar gidanku. Sun yi ɗaruruwan shekaru suna maƙwabtaka da Musulmi, sun san wannan. A duk gidajen da na zauna ba inda aka ƙi fahimta, wata ma ware mini nawa take yi kafin ta kai sauran kusurwar ibada. Ke kuma ki kiyaye musu nasu: kada ki shiga kusurwar, kada ki taɓa abin da ke ciki, kada ki miƙe ƙafa tana fuskantarta. Takalmi a bakin ƙofa yake tsayawa. A wasu gidajen mace mai al'ada ba ta shiga madafi kwana uku. Matasa da yawa sun bar wannan, amma idan akwai tsohuwa a gidan ki tambayi matar ɗanta a asirce.

Abincin kansa ba zai ba ki wuya ba, in ban da yaji, wanda na Telugu ya yi suna ko a cikin Indiya. Shinkafa ce tuwonsu. Ana zuba ta a tsakiyar faranti, a ci ta kashi-kashi: da farko da pappu, wato ɗan wake da aka dafa ya narke, da ɗigon man shanu, sai da miyar ganye ko ta kayan lambu, sai da romon tsamiya mai barkono, a rufe da kindirmo. Idan ba a ci shinkafa da kindirmo ba, a wurinsu ba a gama cin abinci ba. Ranar da na ga ganyen da suke alfahari da shi, gongura, na ɗanɗana, sai na ji yakuwa ce tsaf, dangin su ɗaya. Zogale kuma da muke cin ganyensa, su dogayen 'ya'yansa suka fi so, suna yankawa a miya suna tsotsewa. Kuɓewa soya ta suke yi har yauƙin ya mutu. A ƙauyukan Telangana har yanzu ana yin gurasar dawa. Kusa da murhu za ki ga wani zagayayyen gwangwani mai ƙananan kwanuka a ciki, da kurkur da garin barkono da ƙwayoyin ƙamshi iri-iri. Daga nan ake ɗiba a watsa cikin mai mai zafi, ya yi ƙara, a juye a kan miya a ƙarshe. Wannan ƙamshin ne zai riƙa gaya miki abinci ya kusa.

Za a yi ta ƙara miki. Cewa kin ƙoshi sau ɗaya ba ya aiki, domin a wurinsu kawaici ne, kamar dai yadda baƙonmu yake cewa Alhamdu lillahi alhali yana jin yunwa. Ki ɗora tafin hannu a saman faranti ki ce calu, wato ya isa, da Hindi kuma bas. Idan aka tare ki da tinnara, ma'ana kin ci abinci, gaisuwa ce irin ta ina wuni.

Da hantsi, bayan gida ya watse, sai masu hidima su fara zuwa. Gidan mai matsakaicin ƙarfi yana da 'yar aiki, amma ba mai kwana ba. Mace ce da take zagaya gida huɗu ko biyar a rana, ta yi shara da goge ƙasa da wanke-wanke ta wuce. Mai kayan miya ya turo kurarsa yana kira, mai guga yana bakin layi da dutsen gawayi, mai sayen tsofaffin jaridu da kwalabe ya zo da ma'auninsa, ba abin da ake zubarwa. Mai shagon unguwa yana da littafin bashi na wata, ko da yake tun da aka kawo tsarin biya ta waya na UPI a 2016 har mai sayar da ganye yana da lambarsa a rataye.

A nan ne za ki ga abin da zai dame ki, ni ma har yau yana damuna. A gidaje da yawa 'yar aikin tana da kofinta daban, a ajiye can gefe, kuma a ƙasa take zama ko da kujera ba kowa. Za a ce miki tsabta ce. Tushensa tsarin jinsin gado ne, wanda ya jera mutane hawa-hawa tun daga haihuwa, ya sa wasu a ƙasan da ko taɓa su ba a yi. Tsarin mulkin 1950, wanda Ambedkar ya jagoranci rubuta shi, shi kansa ɗan waɗannan mutanen ne, ya haramta wannan ƙyama a sashe na 17. Doka ta hana, amma kofin yana nan a kan kanta. Ba ki je gyara ƙasarsu ba, kuma musu da masu gida a kan haka ba zai kai ki ko'ina ba. Abin da yake hannunki shi ne ki san sunan matar, ki gaishe ta, ki kira ta akka, wato yaya, ki tuna da ita ranar sallah.

Wa yake da iko a gidan? A waje sunan maigida ake ji. A ciki kuwa ki duba ƙugun da makullai suke rataye. Uwar miji ce take faɗin abin da za a dafa, da wanda za a gayyata, da ranar da za a yi yajin mangwaron shekara idan zafi ya shigo. Dokar auren Hindu ta 1955 ta hana su mace fiye da ɗaya, ko a cikin Musulmin ƙasar ma mai mata biyu ba shi da yawa. Saboda haka kishin da muka sani tsakanin kishiyoyi, a can tsakanin uwar miji da matar ɗa yake, sai kuma tsakanin facaloli idan suna tukunya ɗaya. Amarya ba ta da ɗakinta da tukunyarta kamar tamu. Madafin wata take shiga, ta koyi gishirin wani gida, ta tashi kafin kowa, kuma a gidaje da yawa ita take ci a ƙarshe bayan ta zuba wa maza da yara. Binciken da gwamnati ta yi a 2019 kan yadda mutane suke kashe lokacinsu ya nuna mace mai aikin gida tana ba shi minti 299 a rana, namijin da yake taɓawa kuma minti 97. Na san likita mace da take dawowa daga aikin dare ta ɗaura zani ta hau murza gurasa. Idan kina so ki shiga zuciyar gidan, wannan matar ce ƙofarki. Ba za a bar ki ki yi girki da wuri ba, amma ki zauna kusa da ita ki tsinke ganye, ki ɓare tafarnuwa. A nan za ki ji labarin gidan na gaskiya.

Ba a kiran babba da sunansa. Masu gidan ki ce musu Anti da Ankul, haka kowa yake yi. Wanda ya girme ki kaɗan anna idan namiji ne, akka idan mace ce. In za ki ambaci sunan babba ki liƙa masa garu a ƙarshe, da Hindi kuma ji. Suna da suna daban ga kowane dangi: kakar wajen uwa ammamma, ta wajen uba nanamma. Wannan rarrabewa tana da dalili. A kudu ɗan kawu da 'yar gwaggo suna aure, a wasu al'ummomin har kawu yana auren 'yar yayarsa, alhali 'ya'yan wa da ƙane 'yan'uwan juna ne da aure bai halatta a tsakaninsu ba. A arewa kuwa Hindu ba ya auren dangi sam, a wurare da yawa ko 'yar ƙauyensu ba ya aura. Idan kika ce musu a wurinmu ana auren zumunci da ɗan baffa, za ki ga mamaki a fuskarsu.

Za ki ji ana yawan zancen zinariya da kuɗin aurar da 'ya. Mu namiji ne yake kawo sadaki da lefe, iyayen mace su yi kayan ɗaki da gara. Ki ɗauki kayan ɗakin nan ki ninka shi, ki mai da shi abin da dangin ango suke yankawa da bakinsu, kuɗi da mota da fili, kin samu abin da iyayen 'ya mace suke fuskanta. An haramta shi tun 1961, amma bai mutu ba, kuma alƙaluman hukuma suna nuna mata sama da 6,000 suna rasa rai duk shekara a rikicin da ya shafe shi. Shi ya sa tun 1994 doka ta hana likita faɗin jinsin abin da ke ciki don kada a zubar da shi in mace ce, za ki ga sanarwar a manne a duk ɗakin hoton ciki. A gefe guda, gyaran dokar gado na 2005 ya ba 'ya mace Hindu haƙƙi daidai da na ɗa namiji a dukiyar kakanni, ko da yake mata da yawa suna yafe wa 'yan'uwansu maza don kada ƙofar gidan iyaye ta rufe musu. Wani abin kuma zai sa ki ji kamar kina gida: mai cikin fari gidan iyayenta take komawa ta haihu, goyon ciki sak, a yi mata makonni ana shafe ta da mai ana yi mata wanka da ruwan zafi, ana ba ta abinci na musamman, kafin ta koma da jariri.

Da magariba a sake kunna fitila. Yara su dawo daga makaranta su wuce darasin ƙari, domin jarrabawar aji goma da ta aji sha biyu, da ta shiga karatun likita ko injiniya, su ne abin da gida duka yake rayuwa a kansu. Shekarar da yaro zai rubuta, ana iya rufe talabijin, a daina karɓar baƙi. In ba haka ba, dare na wasan kwaikwayon talabijin ne, tsohuwa da matar ɗanta a gaban akwati ɗaya. Abincin dare yana kai ƙarfe tara, a Delhi har goma. Tsofaffi a gida suke tsufa, kuma tun 2007 akwai dokar da ta ba iyaye damar kai ƙarar 'ya'yan da suka yi watsi da su.

Ki shirya wa rashin sirri. Ƙofar ɗaki a buɗe take wuni, mai yawan rufewa ana ɗauka fushi yake ko ba shi da lafiya. Ki gaya musu lokutan sallarki don su san dalilin rufewar. Za a tambaye ki aikin babanki, da albashinsa, da dalilin da ya sa ba ki yi aure ba, duk a zama ɗaya. Za a sa miki lokacin dawowa gida, a kira wayarki idan kin makara. Wannan ki gaya wa Mama, zai kwantar mata da hankali: gidan da ya karɓi 'ya mace yana ɗaukar tsaronta a matsayin mutuncinsa. A waje kuwa za a kalle ki, wani lokaci kallon da ba daɗi. Son farar fata ya yi musu katutu, akwai masu gidajen haya da ba sa ba ɗan Afirka, akwai waɗanda ba sa ba Musulmi. Na sha jin maganar da ta hana ni barci. Ki riƙe ƙungiyar ɗaliban ƙasarki, kada ki yi yawon dare ke kaɗai, kuma ki tabbata kin yi rajista da ofishin kula da baƙi cikin kwana 14 da isarki, masu gidan su ma su cika takardar da ke nuna kina wurinsu.

Azumi ba zai yi miki wuya ba. Haidarabad, birnin da aka kafa a 1591, wanda sarakunan Musulmi suka mulka har 1948, ya san Ramadan. Unguwar Carminar da babban masallacin birnin da ake ce wa Masallacin Makka ba sa barci a watan, ko'ina ana tuƙa halim, wani faten alkama da nama da ake dakawa har ya yi laushi. Ki yi magana da uwar gida kafin wata ya kama a kan yadda za ki yi sahur ba tare da kin shiga madafinta da tsakar dare ba. Tawa kwano take rufe mini tun dare, da shinkafa da kindirmo da ayaba, ta ajiye a bakin ƙofata.

Tsaraba ki kai musu dabino da turmin atamfa, matan suna son launinta ƙwarai. Kada ki kai kayan fata, ko da jakar Kano ce mai kyau, don ba ki san ko gidan suna ƙyamar fatar saniya ba. Ki miƙa da hannun dama ko da hannu biyu, kuma kada ki damu idan aka ajiye ba a buɗe a gabanki ba. In za ki fita da safe, kada ki ce musu kin tafi kawai, ba sa son jin haka a bakin mai fita. Ki ce vellostanu, wato zan je in dawo.

Ki gaishe mini da Mama.